Taurari a Ɗakin Jego

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, domin ita ce rana ɗaya tak a rayuwata da na tsaya ina roƙon Allah kada a kawo wuta. Duk wanda ya zauna a Jos a shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka ya san wannan addu'a ce mai sauƙin karɓuwa, ko ba ka roƙa ba haka ake wuni. Amma ni da na roƙa da zuciya ɗaya, sai abin ya zo da akasi.

Lokacin muna haya a unguwar Congo-Russia, ɗaki biyu da falo, ni da matata Safiya, tana ɗauke da cikin fari. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma ina da wani ciwo da na daɗe ina fama da shi: duk abin da na ga an yi da hannu, sai zuciyata ta raya min ai ni ma zan iya. (Wannan zuciyar ce ta sa na taɓa kwance agogon bangonmu na mayar da shi, aka samu rarar sukurori a kan tebur, agogon kuma ya huta har abada.)

Abin da ya dame ni a lokacin shi ne wankan jego. A dangin su Safiya haihuwar fari gida ake tafiya, wato Bukuru, wajen mahaifiyarta Hajiya. A baki kwana arba'in ne. Sai dai yayar Safiya ta tafi wannan arba'in ɗin, ba ta koma ɗakinta ba sai da yaronta ya fara zama. Ni kuwa ba na son haka. Ina so in dawo daga makaranta in tarar da jaririna a gida, in ɗauke shi, in ga yadda yake canzawa kullum. Amma wannan magana ce da ba ta faɗuwa. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Namiji ya buɗe baki gaban surukai ya ce yana son zama kusa da jaririnsa, to ya ba dangi abin hira har zuwa kan jikoki.

Sai ga shi Hajiya da kanta ta buɗe min ƙofa. Ta ce tunda asibiti ya fi kusa da mu, Safiya ta haihu a Jos. In an sauka lafiya za ta zo ta duba gidan. In ta ga da ɗumi, mai jego da jariri za su iya zama, za ta bar mana ƙanwarta Gwaggo Talatu ta yi wa Safiya wankan a nan. In kuwa ta ga sanyin nan namu yana shiga ta ko'ina, to da su za ta koma. Safiya ta kawo min saƙon tana murmushi, domin ita ma ba son tafiyar take yi ba.

Mai hankali da ya ji wannan, bargo zai saya ya toshe taga, shi ke nan. Ni kuwa sai na tuna da wata tsohuwar mujallar Turawa da na taɓa tsinta wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Terminus. A ciki akwai hoton ɗaki guda da aka ware wa jariri shi kaɗai: bango mai launi, ɗan gado mai shinge, da wata fitila a sama da ke watsa taurari a jikin bango. Na daɗe ina kallon hoton nan. Na ce da wannan zan gama da Hajiya.

Ɗakinmu na biyu tarkace ne a ciki: kwalayen kayan auren Safiya, akwatuna, tsohuwar katifa, da takardun jarrabawar ɗalibai da na yi shekaru ina cewa zan ƙona. Na sa masa kwaɗo, na zuba mukullin a aljihu, na kafa dokar cewa ba mai shiga sai ni.

"Malam, wai me kake ƙullawa a ɗakin nan?" Safiya ta tambaye ni, tana dafe da ƙugu.

"Za ki gani," na ce.

"Akwai kayana a ciki fa. Ka bari in shiga in kwashe."

"Ke da kike fama da kanki? Ki huta, na san abin da nake yi."

(Na lura duk wata ɓarna da na taɓa yi a duniya, da wannan jimlar na buɗe ta.)

Na sayo fenti ruwan ƙwai a Tina Junction na shafe bangon. Na yayyanka soson tsohuwar katifar na cusa a duk wata kafa da ke jikin taga. Na samo labule mai kauri a gwanjo, irin wanda in ka sake shi da rana tsaka sai ka nemi ashana. Na shimfiɗa leda, na ɗora darduma a kai. Gadon jariri ma ni na haɗa shi da katako. Ƙafa ɗaya ta ɗan gaza sauran, amma na tokare ta da wani littafin lissafi da ɗalibai ba sa karantawa, ya zauna daram.

Fitilar ce ta gagara. Na zaga shagunan kayan wuta ina kwatanta musu abin da nake so, kowa ya girgiza kai. Wani ma ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Oga, taurari kuma? Ka fita waje da dare mana, ai kyauta ne."

Ina cikin kwashe sauran tarkacen ne na ga wani abu a saman akwati, naɗe da tsohon zani. Na warware, sai ga ƙwarya. Babba ce, ta yi duhu don tsufa, cikinta ya yi sulɓi, ga wani dogon ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. Na juya ta na ce lallai mata ba sa yar da komai, yanzu wannan me za a yi da ita? Daga nan na ɗaga kai na dubi ƙwan fitilar da ke reto a silin, na sake duban ƙwaryar. Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" ba.

A gaskiya na yi aiki. Na ɗauko rula da kamfas na auna, na ɗiga alama da fensir don kada wani tauraro ya matse ɗan'uwansa. Na kunna risho ina gasa ƙusa har ta yi ja, ina huda ƙwaryar rami bayan rami, manya da ƙanana. Safiya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce tana jin ƙauri, na ce mata aikin wuta ne, haka yake. Da na gama na shafe bayanta da farin fenti irin na silin, na ɗaure ta da waya bakinta na kallon sama, ta rufe ƙwan ruf. In ba ka ƙura ido ba sai ka ce da ita aka gina ɗakin.

Da aka kawo wuta na saki labule na danna makunni. Jama'a, abin ya yi kyau. Wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Taurari suka zubo a bango, a darduma, a kan ɗan gadon, har a tafin hannuna. Na zauna a ƙasa ni kaɗai ina jin tausayin duk jaririn da ubansa ba ni ba ne.

Safiya ta sauka a tsakiyar damina, lokacin da Jos kan yi kwana da kwanaki ba ta ga rana ba. Mace aka samu. Washegari aka sallamo su, maƙwabciyarmu Maman Nanle, wadda ta taɓa aikin jinya, ta yi wa jaririyar wankan farko a bahon roba. Wuta kuwa tun ranar naƙuda aka ɗauke ba a dawo da ita ba. Na shiga ɗakin na daddanna makunnin ko za a dace, ba a dace ba, na fito na bar shi yadda yake.

Da hantsi Hajiya ta iso ita da Gwaggo Talatu, ana yayyafi. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Hajiya mace ce mai ƙarancin magana, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, kallo kawai take yi, kuma kallon ya isa. Ta karɓi jaririyar ta yi mata addu'a, ta duba 'yarta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "To, ina za su zauna?"

Na zaro mukulli kamar mai buɗe sabon asibiti. Duk suka biyo ni, har Safiya da ke takawa a hankali, da Maman Nanle da ta shigo barka. Na ɗan zuge labule don haske ya shigo. Cikina kuwa takaici ne fal, ga ranar nuna taurari ta zo, ga babu wuta.

Hajiya ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta dubi ɗan gadon.

"Wannan fa?"

"Na jaririya ne, Hajiya. Ɗakinta ke nan."

"Ita kaɗai?" Ta juyo ta dube ni. "Marainiya ce?"

Nan take na gyara tsarin mujalla. Na ce a'a, ai za a shigo da katifa, uwar ma nan za ta kwana, da Gwaggo, kowa da kowa. Hajiya ta je ta kara bayan hannunta a jikin taga, ta jima tana jiran iska, iska ba ta shigo ba. Ta taka dardumar da ƙafarta. Ta shafa labulen. Sannan ta zauna a kan kujerar da na jawo mata, daidai ƙarƙashin fitilar.

"Ba laifi," ta ce. "Akwai ɗumi. Talatu, sai ki zauna da su."

Safiya ta saci kallona, na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Na ci nasara, kuma ko tauraro ɗaya ban kashe ba.

"To, a ɗora ruwa," in ji Hajiya. "Yau ni zan wanke jaririyar da hannuna kafin in koma. Safiya, ina ƙwaryar da na aiko miki?"

"Tana nan ɗakin, Hajiya. A saman akwati na ajiye, naɗe da zaninki."

Ban taɓa sanin mutum zai iya yin gumi a Jos a tsakiyar damina ba sai ranar.

Maman Nanle ta ce ai ga bahon roba, sabo ne, mai kyau. Hajiya ta girgiza kai. Ta ce roba ta wanke kaya ce. Kuma abin mamaki, matar nan da ba ta haɗa jimla uku a jere, ranar sai bakinta ya buɗe. Ta ce ƙwaryar nan mahaifiyarta ce ta zo da ita a ka, lokacin da suka biyo mahaifinsu aikin kuza. A cikinta aka wanke ta, aka wanke Talatu. A cikinta ta wanke 'ya'yanta duka, da jikokin da suka riga wannan zuwa. Ta ce duk wanda aka haifa a gidansu sai ya shiga cikinta, ko sau ɗaya ne.

Tana magana, abin da take magana a kai yana rataye a saman ɗankwalinta.

"Malam," Safiya ta ce, "ina ka mayar da ita?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na san haka, kuma a lokacin ma na sani. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari in duba kicin."

Na je kicin na yi ta buga tukwane da ƙarfi don a ji ana nema. Na leƙa ƙarƙashin gado. Na buɗe firij, wanda ko ni ban san dalili ba. Ina yi ina lissafi (sana'ata ce): in aka yi wankan yau a roba, Hajiya ta koma Bukuru, zan sauke ƙwaryar in ɓoye, in ce ta ɓace a wajen kwashe kaya. Ɓata abu laifi ne, amma ƙarami ne, ana yafe shi. Abin da kawai nake bukata shi ne ɗakin nan ya zauna a duhunsa har ta tafi. Sai na tuna makunnin da na daddanna, kuma ban san a wane gefe na bar shi ba.

Na dawo da sauri na tsaya a bakin ƙofa. Makunnin yana bayan Gwaggo Talatu, ta jingina da bangon ta rufe shi da kafaɗarta, ba kuma yadda za a yi in kai hannu ta bayan surukata. Wata kuma ta saki labulen don kada haske ya dami jaririya. Na ce ban gani ba tukuna, amma ina tunanin wani wuri. A zuciyata kuwa addu'a nake yi, irin wadda ban yi ba ko a ɗakin jarrabawa. Ya Allah, unguwar nan ta saba. Ya Allah, ko zuwa la'asar.

Sai na ji ihun yara daga titi. Duk mazaunin Jos ya san wannan ihun. Firij ya yi gurnani a kicin.

Taurari suka zubo. Suka cika bango, suka sauka a kan darduma, a kan jaririya, a kan gyalen Gwaggo. Wani babba, wanda na fi ɓata lokaci a kansa, ya zauna a tsakiyar goshin Hajiya.

Maman Nanle ta tafa hannu.

"Kai! Oga Malam, kai ne ya yi wannan? Allah, yana da kyau! Safiya, mijinki yana da kai fa." Ta matso ta ɗaga ido tana dubawa. "Mama, duba mana, ashe ma ƙwarya ne! Ni na ɗauka daga waje aka kawo."

Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta faɗa.

Hajiya ta ɗaga kai a hankali. Fenti ya rufe launin ƙwaryar, amma bai rufe tsagar nan ba. Haske ya biyo ta, dogon layi siriri, da 'yan ƙofofin zare a gefe da gefe. Ta daɗe tana kallo. Gwaggo Talatu ta sa salati ƙasa-ƙasa. Safiya ta rufe bakinta da hannu biyu.

"Wancan ɗinkin," Hajiya ta ce, "Innarmu ce ta yi shi."

Ta sauke idonta a kaina.

"Sauko min da ita."

Kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma ita ke kai. Sai da ta tashi ta ba ni. Na hau ina kwance waya a gaban mata huɗu da jaririya, ƙwan ya ƙona min yatsa na kasa ko cewa wash. Na sauko na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu, kamar wanda ya kawo tsaraba.

Ta karɓa ta juya ta. Ta bi ramukan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ta sama, na ga idonta ta cikin wani rami yana kallona. Na so a ce zagina ta yi, da na samu abin riƙewa.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Duk ka daidaita su."

Daga nan ta cire gyalenta ta naɗe ƙwaryar a ciki, a hankali, ta rungume ta a ƙirji. Wannan ne ya karya ni. Kunyar da nake ji ta koma wani abu daban, domin a lokacin ne na ga ba surukata mai kallo ce a gabana ba, wata 'ya ce da aka lalata mata abin da ya rage na uwarta. Na ce, "Hajiya, don Allah ki yafe ni, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," ta ce. "Ai ba ka tambaya ba." Ta juya wajen ƙanwarta. "Talatu, haɗa musu kayansu. Ɗakin da ɗumi, amma ban san me zai huda gobe ba."

Ni na je bakin titi na samo musu tasi. Da Safiya za ta shiga, ta tsaya kusa da ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sai da na ce ka bar ni in shiga ɗakin nan." Ta shige motar. A Bukuru aka yi suna.

Arba'in ta zo ta wuce, ba wanda ya yi maganar dawowa, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Duk Asabar nakan hau bas in je. A zaure ake shimfiɗa min tabarma, a kawo min kunun kanwa, a fito da yarinyar in leƙa fuskarta in ce "Allah ya raya", kamar wani baƙon da ya biyo hanya. Ɗaukarta gaban surukai kuwa, ai ba a fara ba. Labarin murmushinta na farko a bakin Gwaggo Talatu na ji. Hajiya ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kullum da fara'a take amsa gaisuwata, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Sai da yarinyar ta fara rarrafe aka dawo min da su. Ranar na rufe ƙofa, ba suruki ba baƙo, na miƙa hannu na ɗauki 'yata a karon farko yadda na daɗe ina so. Ta dubi fuskata da kyau, ta taɓe baki, ta tsala ihu tana miƙa hannu wajen uwarta. Ba ta san ni ba.

Har yau ina 'yan gyare-gyarena a gida, ciwon bai warke ba. Amma tun daga lokacin, in na ci karo da wani abu a gidana wanda ya girme ni, ba na neman ƙusa. Durƙusawa nake yi in gaishe shi, in wuce.